Marubucin da Suka Aske a Kasuwar Tasawa

Ina mushe, wato malamin makaranta, a wani lakwal na ƙasar Isawan lokacin da fari na biyu ya same mu, soja na kan mulki. Ajina ya watse, iyaye sun kwashe ƴaƴansu sun yi kudu neman abinci. A wannan shekarar na fara karanta labaran wani marubuci.

Ɗan Tasawa ne, ya girme ni, malamin gona ne kafin a kore shi daga aiki. Ya tara suma, ba ya sa hula, ba ya miƙewa in sufurefe, mai mulkin gundumar, ya zo wucewa. Mutanen gari suna cewa ya taɓu. Da Hausa yake rubutu, a zamanin da ba a kiran mutum marubuci sai in da Faransanci ya rubuta. Shi ke buga labaransa a keken rubutu, shi ke zana hotunan ciki: shanu haƙarƙari a waje, manya da tumbi amma ba fuska.

Wanda ya fi kama ni labarin wani ƙauye ne da aka kai wa jar dawar taimako. Aka jera mutane, aka ce kowa ya yi murmushi a ɗauki hoto. Wata tsohuwa ta ƙi. Ba ta yi musu da kowa ba, ta dai tsuke baki. Motar kamiyon da ta kawo taimakon ta juya da dawarta, ƴan ƙauye suka bi ta da zagi har ƙofar ɗakinta. Bai mai da ita jaruma ba, bai kuma mai da su miyagu ba. Na karanta wa mutane shi a bakin rijiya. Wani makiyayi da shanunsa suka ƙare ya tambaye ni ko mai labarin yana wurin abin ya faru. Na ce ƙirƙira ce. Ya ce ban san abin da nake faɗi ba.

Sai wani masanin adabi a Yamai ya rubuta sharhi a jarida. Ya ce wannan ba adabi ba ne, surutun kasuwa ne, yana zubar da mutuncin ƙasa, kuma bai nuna haƙurin talakawanmu ba. Haƙuri. Mutumin da bai taɓa ganin mace tana tona gidan tururuwa don ƙwayar hatsi ba, shi zai koya mana haƙuri. Wannan sharhi ne ya nuna wa jandarma hanya. Ranar kasuwa suka kama marubucin, suka aske shi ba ruwa a gaban jama'a, suka ƙone takardunsa, suka kai shi gidan kaso har damina ta faɗi.

Da ya fito na je gaishe shi. Ya rame ƙwarai. Na yi ta zagin jandarma, yana saurare, can ya ce, "Ƙanena, su aikinsu ke nan. Amma wancan masanin ya ce tsohuwata ba ta da dalili. Ya iya karatu, ya ƙi karantawa."

Bai sake rubuta komi ba. Ya koma Korgom wurin dangin matarsa yana noma, can ya rasu.

Bayan soja sun sauka, aka shirya taron tunawa da shi a Tasawa. Babban baƙo shi ne wannan masanin, ya yi furfura, ya sha babbar riga. Ya kira marigayin muryar marasa murya, ya ce tun farko shi ya gane baiwarsa. Ya ɗaga sabon bugu da ya fassara zuwa Faransanci, an cire zanen duka, an goge duk wata kalma mai kaifi. Aka tafa.

Na miƙe na ce ya karanta mana sharhinsa na dā. Shugaban taro ya ce yau ranar girmamawa ce, ba ta tone-tone ba. Na maimaita da ƙarfi. Samari biyu suka raka ni waje.

A bakin ƙofa na tarar da matar marigayin zaune ƙarƙashin itacen bedi. A amalanke ta zo tun daga Korgom, mai gadi ya hana ta shiga don ba ta da katin gayyata. Ta tambaye ni me ake faɗi a ciki. Na ce yabonsa ake yi. Ta gyara lulluɓi, ta ce in taimaka in nemo mata mai komawa Korgom kafin rana ta yi zafi.