Awakin Mai Ƙuli-ƙuli

Lokacin da nake aiki da wani asusun ba da rance a Ƙonni, masu tallafa mana suka ce lissafin kuɗi ya ishe su haka, suna son rahoton da zai nuna ko matan da muke ba rance sun ga canji a gidajensu. Ni aka ɗora wa ƙauyukan Dogarawa, don mace ce ni, ina shiga har tsakar gida. Na yi ta mita a bisa moto, wato babur, motocin simintin Malbaza suna bule ni da ƙura, don ban ga abin da leƙen rumbun mutane zai ƙara mini ba.

Akwai wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu. Zuwana na farko na bar ta da awaki tsakar gida fal. Burinta injin niƙan gyaɗa, shi kuwa shugabanmu ya faɗa ƙarara: wadda dabbobinta suka ragu, rance ya fi ƙarfinta ke nan, ba za a ba ta babba ba. Da na koma bayan wata damina da gero bai yi ba, turaku kawai na tarar. 

"Inna, ina awakinki?"

"Babu su, ɗiyata. Zamna ki sha hura."

Na fita raina a ɓace, ina zaton yunwa ta sa ta sayar. A gida na gaba sai ga jar akuya mai tsaga a kunnen hagu, irin shaidar da dattijuwar ke yi wa nata. Matar gidan ta sunkuyar da kai ta ce Inna ce ta kawo ta bayan girbi: yara su sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasu ne, uwar ta koma gida daga baya. Habbanaye suke ce masa, a wurin Fulani maƙwabta suka gani. Gida bayan gida na yi ta cin karo da kunnen nan. A wani gidan na tarar ana ɗura wa wani jariri ramamme nonon da cokali.  Ban taɓa ganin dukiya ta watse haka, kowane yanki nata yana riƙe da rai ba.

Na koma da sauri har ina tuntuɓe.

"Inna, ai ba ki tsiyace ba! Bari in rubuta gidajen da suke, a zo a gani, a ba ki injinki."

Ta dube ni ta girgiza kai. "In kin rubuta, sai a zo a tambayi wance mi yas sa akuyata ke gidanta, gari duka ya ji ba ta da abin ba ɗiyanta. Ban ba su don a kai sunansu buro wurin manyanku ba."

"To injin fa?"

"Hannuna bai mutu ba tukun."

Na roƙe ta, har na yi fushi. Ko gezau. Abin da na gani a gidanta shi na rubuta, shekarar nan kuwa ba a ba ta rancen injin ba.

Da na zo wucewa wata ranar kasuwa, na hango ta tsaye kan turmi, bayanta a duƙe, tana dakan gyaɗa ita kaɗai. Na kashe moto daga nesa. Na kasa ƙarasawa, na kasa tafiya.