Tambayar da Ta Kai Ni Azare

Mun tashi da asuba daga Giade, ni da 'yar ƙanwata mai karatun kimiyya a jami'a. Ita ce 'yar jagora. Idona ya tafi tun ina saurayi, gefe-gefe kawai nake gani. Haka ya faru da yayana, haka da ƙanin mahaifiyarmu. Yanzu 'ya'yana maza biyu sun tasa, mutanen gari na cewa saura su, tunda ɗa jinin ubansa ne. Abin da ya fito da ni ke nan.

Motar tsohuwar Fijo ce, buhun gyaɗar wani a kan ƙafafuna. Direba ya ƙara kuɗi, wai mai ya yi tsada. Ban ga ramukan hanya ba, amma ƙuguna ya gaisa da kowanne.

A tashar Azare muka ci masa da miya. Gishiri ya yi yawa. Daga nan sai shagon intanet na wani Ibo mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ba wuta, sai da ya tayar da janareta.

Bara an ɗebi jinina, malaminta ya aika ƙasar waje, aka dawo da dogon jerin haruffa. Su ta zuba a kwamfuta. Ta ce akwai rumbunan da masana ke tara bayanin ƙwayoyin gado, kowace da aikinta, sai a gwada tawa da nasu. Shafin ya buɗe, ya tsaya, ya sake buɗewa. Na yi gyangyaɗi.

"Kawu, ta fito. Ƙwayar tana cikin masu hura wa jiki wuta ne, masu ba shi ƙarfi. Taka ta samu tangarɗa, shi ya sa jijiyar ido ta gaza."

"Yarana fa?"

"Ba ta bi ta uba. Daga uwa kaɗai ake gadonta."

Na yi hamdala. Sai na ji muryarta ba daidai ba. Ni da uwarta ciki ɗaya muka fito, kuma an sa ranar auren yarinyar bayan kaka.

"Ke fa?"

"Ina ɗauke da ita, Kawu. Abin da na haifa ma zai ɗauka."

Da la'asar muka juyo. Abin da na koyo kaɗan ne: mun daɗe muna gadin ƙofar maza, ashe ta ɗakin mata cutar take shigowa.

A bakin zaure ta ce gobe za ta faɗa wa mai neman aurenta, ko ya tsaya ko ya tafi. Na ce tare za mu je. Wannan karon ni zan shige gaba.