Dabinon da Ban Rubuta a Takardar Ba Modu Ba

Ban taɓa mantawa da wata Laraba a shekarata ta farko a wannan aiki ba, kuma tunda ku ma yanzu kuka fara, ina ganin wataƙila labarin zai yi muku amfani.

A lokacin ban fi wata huɗu da kama aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Maiduguri ba, a matsayin mai ba da shawara kan abinci. Ga wanda bai san tsarin ba, likita ne ke duba mara lafiya ya rubuta magani, sannan ya turo mini shi in tsara abin da zai ci da abin da zai rage. Ni kuma ina ƙarƙashin Matron, wato shugabar ma'aikatan jinya, mace mai dogon haƙuri da gajeriyar magana. Ko takarda ɗaya ban isa in miƙa wa mara lafiya ba sai ta sa hannu.

Aka turo mini Ba Modu, wani dattijo mai ɗinkin hula a Kasuwar Litinin. Yana da ciwon suga, ga kuma yanar ido ta rufe masa gani har ya daina ganin kafar allura. Likitan ido ya ce cire yanar ba wuya, amma ba zai taɓa idon ba sai sugan ya sauka ya zauna, domin rauni ba ya saurin warkewa idan suga na sama. Likitan kuwa baƙo ne, daga wani gari yake zuwa lokaci-lokaci. Aka sa sunan Ba Modu a zuwansa na gaba, bayan mako shida. Idan wannan ya wuce shi, sai ya jira wata da watanni, ga shi hular ce abincin gidansa.

Na tsara masa rage abinci mai sitaci da zaƙi. Tuwo da burabusko da biredi duk ya yarda a rage ba gardama. Da muka zo kan shayi sai ya gyara zama. Ashe sau biyar yake sha a rana, kowane kofi da madarar gwangwani mai zaƙi.

Ya ce, "'Yata, ki ɗauke tuwon gaba ɗaya in kina so. Amma shayi ba madara ai ruwan wanke kofi ne."

A nan ne zumuɗi ya kama ni, don ina da amsa. Na karanta batun madarar kwakwa a jami'a, na kuma gwada ta a gida. Ba ta da zaƙin da ke cikin madarar gwangwani, ga kauri, ga ƙamshi. Ban ce magani ba ce. Tana da maiƙo, ba a cika ta, kuma iyakar sanina ba ta ba ƙashi abin da nonon saniya ke ba shi, shi ya sa na haɗa masa da kifi da zogale da riɗi. Na kai wa Matron takardar. Ta karanta, ta ce, "Kin ɗanɗana da bakinki?" Na ce sau uku. Ta sa hannu.

Takardar ta yi kyau, har yau ina ganin haka. A fasa kwakwa, a goge, a zuba ruwan ɗumi, a matse a ƙyalle mai tsabta. A yi ta yini ɗaya kawai, saboda zafin garin nan ba ya barin ta kwana. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: banda sukari, banda zuma. Na karanta wa matarsa, Ya Falmata, har sau biyu.

Ƙa'idarmu ita ce duk mako ya zo da safe bai ci komai ba, a auna suga a rubuta a katinsa. Mako na farko ya ɗan sauka, na yini ina murmushi ni kaɗai. Na biyu ya tsaya. Na uku ya hau. Na tambaye shi ko ana sa sukari, ya rantse ko ƙwaya. Na tambayi Ya Falmata, ita ma ta rantse. Sai na rubuta a katin cewa da alama ba ya bin ƙa'ida.

Matron ta ga rubutun. Ta ce, "Kin gani da idonki?" Na ce a'a. Ta ce, "To soke shi. Na ba ki izinin ziyarar gida. Ki je ki zauna ki yi kallo, kada ki koyar da kowa komai."

Larabar ke nan. Na hau keke Napep zuwa gidansu a unguwar Maisandari da hantsi, ina ta tunanin ko ni ce na cuci bawan Allahn nan da kwakwata. Bayan gaisuwa na roƙi Ya Falmata ta haɗa madarar a gabana, yadda ta saba. Ta fasa, ta goge, ta zuba ruwan ɗumi, komai daidai da takarda, har ta fi ni iyawa. Ina shirin sarewa, sai ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin faifai. Dabino ne cike da tafin hannu, an jiƙa ya yi lugub, da 'yar aya a gefe. Ta juye su a turmi ta kirɓa, ta haɗa da kwakwar ta matse.

Na ce, "Ya Falmata, wannan fa?"

Ta ce, "Dabino mana."

"Kullum ake sawa?"

"Sukari kika hana, 'yar nan, da zuma. Wannan da shi ake buɗe baki. Kuma wa ya taɓa yin kwakwa ba dabino? In miƙa wa mijina farin ruwa salam, kamar ba shi da mata a gida?"

Ba Modu yana kan tabarma a inuwar darbejiya, kunnensa na wajenmu. Ya ce, "Kin ji ko, likita? Mako uku kina tuhumata, ga mai laifin nan a zaune."

Ta ce, "Kai da kake cewa in ƙaro biyu?"

Ya ce, "Makaho ne ni, me na gani?"

Ban san lokacin da na fara dariya ba, har da hawaye. Daɗi ne ya cika ni. Ba wanda ya yi mini ƙarya, kwakwar ba ta da laifi, kuma muna da sauran mako uku. Laifin nawa ne. Ni ma a gidanmu haka ake kunun aya, da kwakwa da dabino, ba a raba su. Na san wannan tun ina yarinya, amma da na zauna rubuta takarda sai na rubuta abin da ke cikin littafi.

Na daure na yi mata bayani a hankali, don ina tsoron ta ɗauka raina dabino nake yi. Na ce albarkarsa ba abin musu ba ce, amma zaƙinsa yana shiga jini kamar na sukari, kuma cikin tafin hannu kullum ya yi wa mai wannan ciwo yawa. Can ta ce, "To in an cire, me zai ba shi daɗi?" Na ce mata ban sani ba.

Ita ce ta samo. Ta fasa wata kwakwar, ta ɗebi kaɗan daga gogaggiyar ta soya a busasshen kasko har ta yi ja, ƙamshi ya cika gidan, sannan ta haɗa da sauran ta matse. Ta dafa shayi da citta da kanumfari da girfa. Na manta da umarnin Matron na ce a zuba madarar yana tafasa, aka zuba, ta tsinke ta yi gudaji. Ya Falmata ta dube ni ta ce, "Wannan ma a jami'ar aka koya muku?" Ta sake dafawa, ta sauke, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba. Ya fito fari tas da kauri.

Ba Modu ya kurɓa. Muka zuba masa ido.

Ya ce, "Bai kai na da ba." Ya sake kurɓa. "Akwai saura a tukunyar?"

A keken dawowa na sake rubuta takardar a kan cinyata, rubutun duk ya karkace. Mako na huɗu sugan ya sauka. Na biyar ya ƙara sauka. Na shida ya zauna inda likita yake so. Ba zan ce cire dabinon ne kaɗai ba, domin likita ya ɗan gyara maganin, shi ma dattijon ya kiyaye abincinsa. Amma ranar da aka ce a shigar da shi ɗakin tiyata, sai da na fita bayan asibiti na yi tsalle inda ba mai ganina.

Washegari aka buɗe masa idon. Ina tsaye a gefen gado na gaishe shi. Ya gane muryar, ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Matron, "Ashe wannan 'yar ƙaramar ce ta hana ni dabino? Ni da na zaci wata ƙatuwa ce."

Abin da na ɗauka daga wannan, in ban yi kuskure ba, shi ne mutanenmu ba su cika yi mana ƙarya ba. Tambayar da muka yi ita suke amsawa, mu ne muke yin gajeriyar tambaya. Kuma wadda ke tsaye a gaban murhu ta san abin da ba mu sani ba, ko da ba ta iya karanta takardarmu. Tun daga ranar na daina tambayar ko an bi ƙa'ida. Cewa nake yi, a nuna mini yadda ake yi a gida. Kafin ku rubuta a katin wani cewa ba ya jin magana, ina roƙonku, ku je ku zauna a tsakar gidansa tukuna.