Albam Ɗin da Muka Haɗa da Guntayen Takarda

Hotunan gidanmu a cikin wani gwangwanin biskit suke zaune, a ƙarƙashin gadon Mama, tun kafin a haife ni. Shekarar da na gama karatun malanta na dawo gida Samaru, damina ta yi ƙarfi har bangon ɗakin ya riƙa tsatsafo. Wata rana na buɗe gwangwanin, na tarar wasu hotunan sun fara mannewa da juna. Saura wata biyu a lokacin Baba da Mama su cika shekara talatin da aure, za a yi musu godiya a coci. Sai na ƙudura a raina zan jera hotunan a albam in ba su ranar, ba tare da sun sani ba.

Na shiga bas zuwa Sabon Gari, na bi shagunan masu sayar da littattafai. Akwai albam masu kyau, masu bango mai laushi da zanen furanni. Da mai shagon ya faɗi kuɗin babban, sai na mayar masa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, don ko albashin farko ban karɓa ba. Ga shi aljihunan ledar da ke ciki duk girmansu ɗaya, alhali hotunanmu wani bai fi kwalin ashana ba, wani kuwa ya kai faranti.

Daga nan na wuce Dogarawa wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke da shagon ɗinki. Na ba ta labari tana taka keke, ba ta ko ɗago kai ba.

"Shi albam ɗin mene ne in ba kwali da takarda ba?" in ji ta. "Miƙo mini gyalena, mu je ki gani."

Ta kai ni bayan kasuwa, wajen wata mata Ibo da take yi wa ɗinki, mai injin buga katin biki da kalanda. Kowa Madam yake ce mata. A bakin ƙofa ga tarin guntayen takarda da wuƙar injin ta zubar, farare da ruwan hoda da kore, wasu masu kauri kamar bangon littafi. Madam tana jin Hausa, sai dai ba ta raba mace da namiji.

"Kai ɗauka duka," ta ce da ni. "Gobe ƙonawa za a yi."

Da ta ji abin da za mu yi, ta shiga ciki ta fito da katunan gayyata da aka yi kuskuren bugawa, masu gefe ruwan zinare, da kalandun bara da ba a saya ba. Ta zaɓi takardu masu kauri, ta sa a ƙarƙashin wuƙar, ta danna sau ɗaya, suka fito daidai wa daida. Na dawo Samaru da buhu a cinya, kwandasta yana tambayata ko garin masara ne.

A ɗakina nake aikin da rana, in Mama ta tafi rumfarta a kasuwa, Gwaggo kuma takan zo ranar Asabar. Maimakon gam na kanti, sitacin rogo muka dama kamar koko. Karon farko ni kaɗai na yi, na lafta shi da yatsa, kafin la'asar shafukan duk sun nannaɗe kamar busasshen ganye. Gwaggo ta zo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ciro wani tsohon katin waya daga jakarta, irin wanda ake kankarewa, ta nuna mini yadda ake shafa sitacin siriri da gefensa. Sannan ta ɗora ƙyalle a kan shafin ta bi da dutsen guga, ya miƙe sumul.

Ita ce kuma ta hana ni shafa wa hoto sitaci. Ta ce a yanko kusurwoyin tsofaffin ambulan, a manna huɗu a shafi, a cusa hoton a ciki, duk ranar da aka so a zare shi. Baba akawu ne a jami'a, don haka na roƙe shi tsofaffin ambulan na ofis, na ce na koyar da yara ne. Washegari ya kawo mini leda cike, yana jin daɗin 'yarsa ta kama aiki da gaske. Bango kuwa kwalin sabulu ne, Gwaggo ta lulluɓe shi da ragowar atamfar ankon mata na coci, ta huda da basilla, ta ɗaure da zaren kitso. Gefen zinare na katunan nan na yanke na zagaye manyan hotuna da shi, furannin kalanda kuma na cike gurabe.

Asirinmu bai kai mako uku ba. Mama ta tashi sa wa rigunan Baba sitaci ta tarar ya ƙare, ta jawo gwangwanin biskit ta ji shi sakayau. Wata Asabar muna tsakiyar aiki sai ga ta a bakin ƙofa.

"To, ashe nan sitacina yake zuwa," ta ce.

Gwaggo ta ce, "Yaya, tunda kin gani sai ki zauna."

Mama ta zauna a bakin katifa, ta ɗauki albam ɗin tana buɗawa a hankali. Ta shafa atamfar bangon, ta daɗe a kan hoton mahaifiyarta. Sai ta iso wani hoton Baba yana saurayi, ya jingina da sabon keke, agogo na ƙyalli a hannunsa. A ƙasa na rubuta da kyakkyawan rubutuna: Baba da kekensa. Mama ta karanta, ta kwashe da dariya har hawaye suka zubo.

"Wa ya ce miki kekensa ne?"

Ta ba mu labari. Wannan hoton Baba ya aika mata ƙauyensu lokacin da yake nemanta. Da ya zo gaisuwa ta farko, a ƙasa ya zo, ƙafafunsa duk laka, ya ce keken yana wajen gyara. Zuwa na biyu ma yana wajen gyara. A na uku ta tambaye shi ko mai gyaran ya yi ƙaura ne. Ya sunkuyar da kai ya ce keken na mai hoto ne.

"Na ce masa agogon fa? Ya ce shi ma."

"Ba ki ji haushi ba, Mama?"

"Ai tun ranar da hoton ya zo na sani. Mijin 'yar ƙanen babana ma da keken nan ya aiko nasa, har da jan ƙyallen da ke ɗaure a kan keken. So nake in ga kwana nawa zai yi kafin ya faɗi gaskiya."

Ta sa na manna wata takarda a kan rubutun, na sake rubutawa: Baba da keken mai hoto.

Daga ranar aikin ya zama na mu uku, Baba kaɗai ake ɓoye wa. Sai na gane rabin abin da na rubuta ba daidai ba ne. Jaririn da na ce yayana ne, ni ce. Bikin da na ɗauka na su Mama ne, na wata maƙwabciya ce a Bomo. Mama na faɗa ina rubutawa, Gwaggo na gardama a kan wace ce ta fi tsayi a cikinsu lokacin 'yanmatanci. In muka ji ƙarar mashin ɗin Baba a waje, sai Mama ta tura komai ƙarƙashin katifa ta fita tana yi masa sannu da zuwa, sitaci a gefen zanenta.

Ranar godiyar, bayan an tashi daga coci, mutane suka cika tsakar gida, ana rabon shinkafa da zoɓo. Madam ma ta zo, Gwaggo ce ta gayyace ta. Na durƙusa na miƙa wa Baba albam ɗin. Ya sa tabarau, ya buɗe, ya tsaya yana duban wata kusurwa da ragowar hatimin ofishinsu ya fito a jiki.

"Waɗannan ne yaran da kike koyarwa?" ya tambaye ni.

Ya ci gaba da buɗawa har ya iso keken. Ya karanta rubutun a fili, ya dubi Mama ta saman tabarau, ita kuwa ta shagala da zuba wa baƙi miya. Mutane suka matso suna leƙe.

"To, na ji," in ji Baba. "Amma takalmin nawa ne."

"Na babban yayanmu ne," Gwaggo ta ce daga bakin murhu. "Ni na goge shi da safen."

Aka yi ta dariya, Baba ya fi kowa. Madam ta karɓi albam ɗin ta juya shi, ta duba ɗaurin, ta ce ya ɗan karkace amma zai daɗe.

A can baya akwai wani hoton samari goma sha wani abu a gaban tsohon coci, wanda ni da Mama da Gwaggo muka kasa gane ko mutum ɗaya a ciki, muka bar ƙasansa fari. Baba ya ce a ba shi biro. Wani dattijo abokinsa ya jawo kujera kusa da shi, suka sa kai a kan hoton, wannan ya tuna suna, wancan ya tuna garinsu da muryar da yake rerawa a ƙungiyar mawaƙa. Baba yana rubutawa da ƙananan baƙaƙensa na akawu, wurin ya cika, ya tsallaka shafi na gaba. Sau biyu Mama tana aikowa a gaya musu abinci zai huce, suna cewa saura mutum ɗaya.