Takardar da Surukina Ya Miƙo Mini

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, kamar yadda aka saba mana tun muna gaban allo.

A shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya fara gajiya kafin ya kai ƙarshen magudanai, har manoman rani suka koma ga ƙananan injinan ban-ruwa, ina aiki a wani shagon gyaran ƙarfe a Talata Mafara. Maigidanmu ya sayo tsohon injin sassaƙar ƙarfe daga Kudu, irin mai allo da lambobi, wanda ake tsara masa aiki ya yi da kansa. Ni aka ɗora a kansa saboda ina da haƙurin zama. Na iya ajami tun kafin in san boko, kuma malaminmu ya horar da mu a kan kada a wuce baƙi sai an tabbata da shi.

Injin nan ba ya gani. Duk wuƙar sassaƙar da ka ɗaura masa sai ka gaya masa tsawonta, in ba haka ba da tsawon wadda aka cire zai yi aiki. Yadda muke awon kuwa, sai a sami siririyar takarda a shimfiɗa a kan ƙarfen da za a sassaƙa, a riƙa sauko da wuƙar a hankali ana motsa takardar da yatsa. Da zarar bakin wuƙar ya cije ta, ta ƙi motsi, sai a tsaya a shigar da lambar da allo ya nuna. Takardar da ta fi dacewa ita ce ta cikin kwalin sigari. Ni ban taɓa sha ba, amma abokin aikina, wani taubashina mai walda, yana sha, kuma a wurinsa nake karɓa.

Surukina mutumin Maradun ne. Gonarsa ta gado tana ƙarƙashin tafkin Bakolori tun da aka datse ruwa, zancen da ba ya son a tayar masa. Daga baya ya sami fili a wajen Bakura yana noman albasa da rani. Matata ce 'yarsa ta fari, saboda haka ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce mutanen gidanka. Ni kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a kasuwa, nesa nake cire takalmi.

Wata safiya sai ga shi a ƙofar shago da abu naɗe a buhu. Na tsugunna, muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi gona da mutanen Maradun da gajiyar hanya. Sai da gaisuwa ta ƙare ya kwance buhun. Murfin injinsa na ban-ruwa ne, na alminiyam. Fuskar murfin ta karkace, iska na shiga, injin ya daina jan ruwa. Irin injin tsoho ne, an nemi murfinsa har Gusau ba a samu ba. Albasarsa kuwa ta fara ƙwai, lokacin da ba ta jure ƙishi.

"An ce mini kana da injin da ka yin tunani, Malam," in ji shi. "Shi na zo in gani."

Ni na faɗi haka a gida, matata ta kai labari.

Aikin ba mai wuya ba ne. A share fuskar murfin da faffaɗar wuƙa ta daidaita, sannan a zagaya da siririyar wuƙa a yi ɗan kwari inda roba za ta zauna. Na so ya je ya huta a inuwa, amma ba ni da bakin faɗa. Aka shimfiɗa masa buhu dab da injin, ya zauna yana jan carbi. Na yi ta aiki a karkace don kada in ba shi baya.

Faffaɗar wuƙar awonta na nan tun jiya, ta share fuskar murfin fes, har ya ce masha Allah. Siririyar ce matsala. Tsohuwar ta karye, da safen nan na ɗaura sabuwa, ban kai ga auna ta ba. Na laluba aljihu, babu takarda. Taubashina ya gane, ya zura hannu zai zaro kwalinsa, na watsa masa harara. Ina zan karɓi kwalin sigari a gaban uban matata? Ya mayar da hannu yana murmushi.

"Mi kaka nema?" in ji surukina.

"Takarda ce 'yar ƙarama, Baba. Ta awo."

Ya shiga laluben aljihun rigarsa, ya fito da goro, ya fito da zare, can ya zaro wata takarda a ninke ya miƙo. Na karɓa da hannu biyu. Da na juya ta sai na ga rubutu. Bisimilla ce a sama, ƙarƙashinta addu'ar neman albarkar shuka da 'yan bayanai cikin ajami, irin wadda malamai kan rubuta wa manomi. Idonsa ya yi rauni a lokacin, bai san wadda ya ɗauko ba.

Na tsaya da ita a hannu. Ba zan sa sunan Allah a ƙarƙashin wuƙa cikin baƙin mai ba. Ba zan kuma ce, Baba, abin da ka ba ni akwai Bisimilla a ciki, a gaban mutanen shago, in mayar da dattijo wanda bai san abin da ke aljihunsa ba. In na ajiye ta na tafi neman wata, na raina abin hannunsa. Duk wannan ya wuce mini a rai yana kallona yana jira.

Sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na kai takardar kusa da murfin, na kare ta da tafin hannu, na sauko da wuƙar kaɗan, na gyaɗa kai kamar mai awo. Ban bari ta taɓa komai ba. Na dubi sabuwar wuƙar da ido, na ce wa kaina ai kusan tsawonsu ɗaya da tsohuwar. Na bar tsohuwar lamba yadda take, na sa takardar a aljihun ƙirji, na danna.

Sabuwar ta fi tsawo. Injin ya sauko da ita da ƙarfinsa, bai san ta riga ta iso ba. Aka ji ƙara kamar an taka faranti, wuƙar ta huda murfin ta ɓalle, guntunta ya daki bango. Na kashe injin. Murfin ya tsage daga ramin har baki.

Surukina ya miƙe, ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. "Wanga tunani nai ya yi zurfi."

Taubashina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Da tsohon ya fita alwala, taubashin nawa ya matso kusa da ni.

"Shehin malami! Ka ƙi takardar fasiƙai, ka huda tukunyar surukinka."

"Don Allah ka rufa mini asiri. Zai liƙu?"

"Da wutata? Alminiyam ne, narkewa zai yi kamar man shanu. Sai Sakkwato, in an dace. Kai dai shirya, da guga za ka biya sadaki na biyu."

Haka kuwa aka yi. Aka ba direba murfin ya tafi da shi Sakkwato wajen masu waldar alminiyam, ni kuma na roƙi maigida ya ɗaga mini ƙafa na 'yan kwanaki, na bi surukina Bakura. Maƙwabtansa kowa na fama da nasa ban-ruwan, wani ya ara mana inji na ɗan lokaci ya karɓe. Sauran sai muka kafa jigo irin na da a bakin ramin da yake jan ruwa. Ina ɗebowa yana karkatar da ruwa da fartanya fangali zuwa fangali. Tafukan hannuna suka yi bororo suka fashe. Bai ce mini komai a kan murfin ba, kullum sai sannu da aiki, kuma wannan sannun ya fi mini zagi ciwo. In an kawo fura, bayan bukka nake zagayawa in sha.

Ruwan jigo bai kai fangulan ƙarshe ba. Muna kallo ganyensu ya kwanta, ya yi fari.

Ranar da murfin ya dawo, da tabon walda a fuskarsa, muka ɗaura, injin ya yi tari ya kama jan ruwa. Bayan mun yi la'asar a bakin gona na tsugunna na miƙa masa takardarsa. Ya buɗe, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Babu ɗigon mai, babu tabon wuƙa. Sannan ya ninke ta.

"Ashe ita na ba ka."

Na sunkuyar da kai.

"Malam, ai na ga kwalin abokinka tun shigowata. Na kuma san ba kai ka sha ba, ɗiyata ba ta ɓoye ma uwatta komi." Ya dubi fangulan da suka bushe. "Da ka buɗe baki, da waɗancan sun sha ruwa."

Ya tashi ya koma bakin injin yana gyara tiyo.

Da aka cire albasa ya aiko gidana da kwando kamar yadda ya saba kowace shekara. Matata ta zazzage a tsakar gida tana mamakin ƙanƙantarsu, ta ce bana ko me ya sami gonar Baba. Ashe bai gaya wa kowa ba. Na ce ta zauna, ni zan gaya mata.