Duwatsun da Na Jera a Jikwoyi

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta tare a Abuja, ni ma na ɗora keken ɗinkina a mota na biyo ma'aikata, don duk inda suka sauka ba a rasa wando mai neman gyara. Hayar cikin gari ta fi ƙarfina, sai na kama ɗaki a Jikwoyi, a gidan wani dattijo ɗan Gbagyi, Kirista, manomin doya. Mu Musulmin layin ba mu da yawa. Shi ya ba mu fili a gefen gonarsa mu riƙa salla, kuma da yake ni ne na ɗan taɓa karatu, ni aka sa gaba. Da sassafe na dubi inda rana ta ɓullo, na jera duwatsu, na ce nan ne gabas.

Dattijon yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Malam Tela, rana fa yana tafiya. Yanzu yana fita nan. In ruwa ya zo, can bayan dutse zai fita."

Na ce, "Baba, kai dai ka ji da doyarka. Alƙibla sai masu ita." Aka yi dariya. Ya wuce gona.

Wata biyar muna salla a haka. Da damina ta kawo kai mun tara bulon gina masallaci, magini ya ce ranar Asabar zai haƙa tushe, kuma duwatsuna zai bi. Ranar Litinin muka daɗe zaune bayan asuba. Ina jan carbi sai na ji ɗumin rana a kumatun hagu. Na waiga, ga ta tana fitowa daga bayan dutsen nan da dattijon ya nuna.

Ranar ban iya zama a kan keke ba. Na ɗinka hannun riga a baibai, na warware, na sake ɓatawa. Na janyo akwatina na tono wata takardar ajami da malamina ya taɓa ba ni, wadda ban buɗe ba tun da na baro gida. Ya rubuta cewa alƙiblarmu ba gabas sak ba ce. A raba tsakanin gabas da arewa gida huɗu, a karkata hagu da gida ɗaya da ɗan ƙari. To, amma ina gabas ɗin, tun da mafitar rana ba ta zama wuri ɗaya? In aka ɗora bulo a kan kuskurena, har jikoki za su gaje shi.

Sau biyu ina zuwa ƙofar dattijon ina juyawa. A na uku ya riga ni magana.

"Ka gan shi?"

"Na gan ta, Baba."

Na ce masa ainihin gabas nake nema. Ya ce ga yadda suke yi in za su kafa rumbu, don kada ƙofa ta kalli inda hadari ke tasowa. Ya share ƙasa ta yi sumul, ya kafa sanda a miƙe. Na kawo zarena muka ɗaura a gindinta, muka zana da'ira. Da hantsi, in kan inuwa ya taɓa da'irar, a sa tsakuwa. Bayan azahar, in ya sake taɓa ta a ɗaya ɓangaren, a sa wata. Layin da ya haɗa su shi ne gabas da yamma.

Talata muka sa ta safe, gajimare ya cinye ta yamma. Laraba aka wuni ana ruwa, da'irar ta wanke. Alhamis akuya ta ture sandar. Nakan yi ɗinki kaɗan in fito in dubi sama, in koma, in sake fitowa, har wata mai jiran zanenta ta tambaye ni ko cikina ne ya ɓaci. Ranar Juma'a sama ta washe, muka sake kafa sanda da da'ira, muka sa ta safe. Na tafi masallacin Karu hankalina yana kan sanda. Na dawo ina haki, na tarar da dattijon tsugune, yana kore kaji, tsakuwa a hannu. Ya ce, "Saura kaɗan. Kai za ka sa." Na sa da bisimilla. Muka ja zare, na raba kusurwar da tef ɗina yadda takarda ta ce. Duwatsuna sun kauce dama da fiye da gida biyu.

Da la'asar na faɗa wa jama'a. Wani direba ya ce, "To sallarmu ta wata biyar fa, Malam?" Na ce mun yi iya saninmu, Allah Yana karɓa, amma an gaya mini tun ranar farko, na ƙi ji. Sannan na sa aka kira dattijon, don a gaban waɗannan mutane na yi masa dariya.

Na ce, "Baba, maganar da na yaɓa maka ranar nan, ka yafe mini. Kai ne da gaskiya."

Ya dubi zaren da ke miƙe a ƙasa. Ya ce, "Na riƙe shi a ciki wata biyar, Malam Tela. Yau na ajiye." Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya, na ɗauki na kusa da shi, muka mayar da su kan sabon layi.