Reshen da Abu Shukri Ya Bari

Shekara ashirin da shida ina girki a cibiyar da wata jami'ar Kiristoci ta ƙetaren teku ta gina a kan tudu, tana fuskantar tsohon birnin Ƙudus. Duk wata huɗu a kawo sababbin ɗalibai, su karanci Littafi Mai Tsarki da tarihin ƙasarmu, su ci maklubata, wato shinkafa da nama da nake kifewa a faranti, su tafi. Mutanen kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Sai dai suna da lalura guda: ba sa duban abu sau biyu sai ya haura shekara dubu. Ka nuna musu fasasshen kasko da aka tono daga rami, su yi tsit kamar an shiga coci. Mutum mai rai kuwa, hoto za su ɗauke shi su wuce.

Abu Shukri shi ne mai kula da lambun. Sunansa na yanka Hilmi. Allah bai ba shi haihuwa ba, Shukri sunan mahaifinsa ne, da shi aka yi masa alkunya kamar yadda muke yi, matarsa Nazira ma ta zama Ummu Shukri. Shi Musulmi, ni Kirista, kuma ba mu taɓa faɗa kan addini ba. Faɗanmu kullum kan na'ana'a ne, da nake tsinka masa ba izini.

"Widad, hannunki ko na akuya?" haka yake ce min.

"Akuya ce ke dafa maka gahawar da kake kwankwaɗa?" in mayar masa.

Tun ana ginin cibiyar ya zo, yana jera duwatsun da suka tare ƙasar lambun hawa-hawa. A shekarar ne aka ja sabon titi ta cikin gonar zaitun ɗin mahaifinsa a ƙauyensu, Bait Lauza. Bishiya arba'in da ɗaya. Ranar da katafila ta iso bai yi gardama da kowa ba, ya dai yanki rassa uku daga bishiyar da ke bakin rijiya, ya naɗe su a jiƙaƙƙen rawaninsa. A can ƙasan lambun cibiyar akwai wani zaitun na jeji da ya fito da kansa. Ya tsaga ɓawonsa, ya yi masa aure da rassan nan. Ɗaya ya kama. Wannan bishiya ita ce abin da ya rage na gonar Bait Lauza a duniya, kuma daga shi sai matarsa sai ni muka sani.

A saman lambun kuma akwai Tsohuwa. Haka muke kiran wani ƙaton zaitun da jami'a ta sa aka ɗauko da mota daga Galili, wai ya fi shekara dubu. An kewaye ta da sarƙa, an kafa mata allo. A gindinta malamai ke zaunar da ɗalibai su yi musu karatu. Ba a taɓa ta, ko ganye ba a tsinka.

Idan watan goma ya kama, ɗalibai kan fito tsinkar zaitun, kuma duk shekara sai an samu wanda ya zo da sanda don ya karanta cewa haka mutanen dā suke karkaɗewa. Abu Shukri ya karɓe sandar a hankali.

"Ɗana, uwarka ce? To ko uwar wani ce ba a dukanta. Tatsa ake yi, kamar nono. Kawo hannunka."

Ya kama hannun yaron ya bi da shi kan reshen, 'ya'yan na zuba a kan shimfiɗa. Na can ƙololuwa kuwa ba ya bari a taɓa, ya ce kala ne na masu wucewa da tsuntsaye.

Ya haura saba'in, hannuwansa sun soma karkarwa, sai aka kawo sabon shugaba, Dakta Harlan, mutum mai fara'a da son gyare-gyare. Ya ga ƙasan lambun ya fi ko'ina kallon birni, ya ce a nan za a gina wurin zama na dutse inda ɗalibai za su riƙa addu'a. Masu zane suka zo suka zagaya. Tsohuwa dai ba mai taɓa ta. Ƙaramar Abu Shukri da ke ƙasa kuwa, shekararta talatin da 'yan kai, a wurinsu jaririya ce, suka sa mata jan fenti.

Na samu Abu Shukri a tsaye yana kallon fentin.

"Ka je ka gaya wa Dakta Harlan mana," na ce.

"In ce masa me? Ƙasarsu ce, takarda na hannunsu. Na roƙi mutane a kan gonar ubana ban samu ba, sai a gidan wani?"

"Wannan girman kai naka zai kashe ka."

"To ai gara shi da wani abin."

Ni ba ni da irin wannan haƙurin. Na cire gyalen girki na hau ofis, na zayyana wa Dakta Harlan komai. Wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce zanen ya riga ya wuce hannunsa, can jami'a aka sa hannu, amma ba za a sare ta ba, za a cire ta da saiwarta a mayar da ita bayan ɗakin karatu. Yaushe? A watan shida, lokacin da ɗalibai ba su da yawa, kada ƙara ta hana su karatu.

Na sauko da murnata. Abu Shukri ya saurare ni har na gama.

"Watan shida," ya ce. "A tsakiyar zafi. Allah ya saka masa da alheri, ya zaɓa mata ranar mutuwa."

Wata safiya a farkon watan huɗu, motoci sun kwashi ɗalibai da malamai zuwa Yariko, ya leƙo kicin riƙe da jiƙaƙƙen tsumma, a ciki tsiro uku ne da ya yanko daga ƙaramar bishiyar.

"Ɗauko wuƙarki, wadda kike ƙwaƙule kabewa da ita."

Ban tambaye shi ba sai da na ga ya ɗaga ƙafa ya tsallake sarƙar Tsohuwa.

"Abu Shukri, ka haukace? Korata kake so a yi da furfurata?"

"Ba wani zaitun a lambun nan da suka rantse ba za su taɓa ba sai wannan. Duba hannuna, Widad."

Na duba. Ko kofi ba ya iya riƙewa bai zubar ba. Mutumin da ya yi wa bishiyoyi aure fiye da yadda zan iya ƙirgawa yana tsaye yana jiran mai yanka albasa. Tausayinsa ya kama ni. Na tsallake sarƙar.

Ya zaɓi wani reshe ta bayan bishiyar, inda masu hoto ba sa zuwa. Yana faɗa ina yi. Na tsaga ɓawon, na ɗaga shi a hankali, na fiƙe gindin tsiron, na cusa.

"A hankali, 'yar'uwa, ba kaza kike fiɗa ba."

"Ka yi min shiru ko in bar maka."

Uku muka sa. Muka ɗaure da tsumma, muka shafe da laka. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin Tsohuwa ya yi bisimilla, ni kuma na yi alamar gicciye.

Kullum da safe sai ya zagaya ya duba. Kwana goma sha tara yana haka, tsiron bai ce uffan ba, bai bushe ba bai tsiro ba. A na ashirin ɓarin jikinsa ya shanye a tashar mota. Na je asibiti, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita, idonsa dai yana kaina. Na san abin da yake tambaya. Na so in yi masa ƙarya, amma mutum ne da bai taɓa yi min ba.

"Ba tukuna," na ce.

Ya lumshe ido. Bayan kwana biyu ya rasu. A wurin zaman makoki na ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah sarki, ga shi bai bar baya ba." Ummu Shukri ta ji, ta sunkuyar da kai.

Aka cire ƙaramar a watan shida, da injin ɗaga kaya da addu'a da komai. Aka yi ta ba ta ruwa. Kafin watan tara ganyenta ya zube tas. Dakta Harlan ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya kuma ce min ya kasa gane abin da ya faru.

A cikin ukun da muka sa, biyu sun bushe. Na ukun ya fitar da ganye mako guda bayan jana'iza, ƙanana biyu kamar kunnen ɓera. Na zauna a kan sarƙar na yi kuka. Tun daga nan duk lokacin sassabe ina tsaye a kan sabon mai lambu da ludayi a hannu kada ya yanke reshen, har ya haƙura ya daina tambayata dalili.

Sai a shekara ta huɗu reshen ya yi 'ya'ya. Na Tsohuwa ƙanana ne masu kauri, waɗannan dogaye ne masu tsini. Na tatsa da hannu kamar yadda yake koyarwa, na bar na sama. Abin da na samu bai cika kwanon shan miya ba. Na fasa su da dutse, na jiƙa, na yi ta sauya ruwa, sannan na zuba gishiri da lemon tsami da barkono a ƙaramar kwalba.

Na kai wa Ummu Shukri ranar wata Juma'a. Idonta ya yi rauni sosai a lokacin. Ban gaya mata komai ba, na dai ajiye mata da gurasa. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, sai bakinta ya tsaya. Ta fitar da ƙwallon ta juya shi a tsakanin yatsunta.

"Widad, wannan na bakin rijiya ne. Ba an ce ta bushe ba?"

Na ba ta labarin wuƙa da sarƙa da laka. Ta damƙe ƙwallon a hannunta.

"Ki kai ni in gan shi," ta ce. "Shekara hamsin ana kirana uwar wani. Ɗauko min mayafina."